Tarihin Zaman Gida a Birnin Zariya: Shaidar Gini da ta Kalmomi

Galibin abin da aka rubuta game da tarihin Zazzau labarin sarauta ne: wane ya gaji wane, shekara nawa ya yi a kan gado, waɗanne garuruwa ya ci da yaƙi. Dalili kuwa a fili yake, jerin sunayen sarakuna da kirarin fada su aka fi kula da adanawa. Labarin cikin gida, watau yadda aka gina ɗaki, da abin da aka dafa tuwo a ciki, da inda aka sauki baƙo, ba a cika rubuta shi ba, don ana ganin abu ne da kowa ya sani. Ga shi kuwa abin da kowa ya sani ya fi saurin ɓacewa, gama ran da masu saninsa suka ƙare, babu wata takarda da za a koma a duba.

Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin gida a cikin ganuwar Zariya tun daga farkon ƙarni na 19 zuwa yau, bisa shaida iri biyu. Ta farko ita ce ginin kansa, da abin da masu bincike suka rubuta a kansa. Ta biyu ita ce kalmomin da ake kiran kayan gida da sassan gida da su, domin kowace kalmar aro tana ɗauke da alamar hanyar da ta biyo. Abin da shaidun nan biyu suka haɗu a kai shi ne, kayan gida sun sha sakewa, baƙin kalmomi sun yi ta shigowa tare da su, amma sau biyu kaɗai baƙuwar kalma ta kai ga tsarin gidan kansa. Na farko ya daɗe da wucewa. Na biyu shi ake ciki yanzu.

Birni da maginansa

Ganuwar Zariya ta kewaye fili mai faɗi ƙwarai, kewayenta kimanin mil 10, da ƙofofi irin su Ƙofar Doka, da Kuyambana, da Gayan, da Kona, da Jatau, da Bai. Sa'ad da Bature matafiyi Clapperton ya biyo ta birnin a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun kai 40,000 zuwa 50,000, ya kuwa lura da yawan dogayen itatuwansa. A lokacin nan, har ma da daɗewa bayansa, ba dukan cikin ganuwa ne aka gine ba. Akwai gonaki da fadamu a tsakanin unguwanni, saboda haka mai neman ƙara ɗaki ba ya rasa fili, ba ya kuma rasa ƙasar gini kusa da shi. Unguwanni da yawa an san su da abin da mutanensu suka gada, kamar yadda aka san Kona da Juma da malanta.

Bayan jihadi, da Malam Musa ya karɓi birnin, sababbin gidajen sarauta suka bukaci manyan zauruka da soraye. A zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina Masallacin Juma'a a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ake kuma kira Mika'ilu. Har yau akwai unguwar da ke ɗauke da sunan sarautarsa. Hikimar da aka nuna a masallacin, watau ɗaura azara a lanƙwasa ta ta zama bakan gizo, sa'an nan a ɗora tulluwa a kai, ita ce magina suka yi ta maimaitawa a ƙaramin sikeli cikin zaurukan attajirai da malamai.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ya tilasta wannan hikima. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma in an shimfiɗa ta a miƙe ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kimanin ƙafa 6. Duk ɗakin da ya fi haka faɗi, sai an yi masa dabara, ko ginshiƙi, ko baka. Bugu da ƙari, ruwan saman Zariya ya fi na Kano da Katsina yawa, yakan kai wajen milimita 1,000 ko ya ɗara a shekara, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba. Rufi mai kwance yana tara ruwa, mai tudu kuwa yana zubar da shi. Shi ya sa tulluwa ta yawaita a Zariya, shi ya sa kuma talakawa suka daɗe suna riƙe da ɗakin jinka.

Tsarin gida da aikin shekara

Wanda ya nufi gidan mutumin birni, da zaure zai fara cin karo, ƙofarsa tana duban hanya, da dakali a gefenta. Nan maigida yake karɓar baƙi, nan yake cin tuwo da 'yan'uwansa da maƙwabta, nan maɗinki yake zama da allurarsa, malami da littattafansa. Bayan zaure sai filin da ake kira ƙofar gida, inda ɗakin samari da na baƙi suke, da turken doki in akwai. Daga nan sai shigifa, wadda namiji baligi ba ya wuce ta sai in muharrami ne ko an yi masa izini. Magina ba sa daidaita ƙofar zaure da ta shigifa, don kada idon mai wucewa ya zarce ciki. A cikin gida ne turakar maigida take, da ɗakin kowace mace, da murhu, da rumbu, da rijiya, da makewayi. Babban gida yakan kasu sassa, kowane ƙane ko ɗa mai aure da nasa sashe, amma duk ta zaure ɗaya ake fita.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bayyana yadda gandu yake riƙe da irin wannan gida: 'ya'ya da ƙanne suna aiki a ƙarƙashin maigida, shi kuwa yana ɗauke da abincinsu da harajinsu da aurensu na fari. A ɓangaren mata kuma, girki yana zagayawa kwana bibbiyu, mai girki ita ce da tukunya, ita ce da turaka. F. W. Schwerdtfeger, wanda ya auna gidajen birnin ya buga sakamakon a 1982, ya nuna cewa gidan ƙasa ba ya taɓa ƙarewa da ginuwa. In an yi aure a ta da ɗaki, in an yi mutuwa ko saki a bar ɗaki ya zube, ƙasarsa ta koma cikin wani gini. Ya kuma lura da yadda ɗaki mai kusurwa huɗu yake ta maye gurbin zagayayyen ɗaki.

Irin wannan gida yana da aikinsa na kowace shekara. Da rani, bayan an kai amfanin gona gida, ake haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta tsima, a dunƙula tubali a shanya. Kafin ruwa ya sauka, dole a hau soro a duba tsaga, a yi yaɓe, a share bakin indararo. Wanda ya yi sakaci, watan marka zai tona shi, shi ya sa aka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin lura a nan shi ne, kayan kare gini daga ruwa duk daga wasu sana'o'i suke fitowa. Makuba, wadda ake shafe bango da daɓe da ita, daga ɓawon ɗorawa ake samunta, itacen da ya ba mata kalwar daddawa. Laso kuwa, wanda ya fi kowane shafe ƙarko a kan rufi, haɗi ne na katsin marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara. Ashe rufin soro yana dogara ga marini da majemi, ko da yake ba su taɓa hawa kansa ba.

Mata su ma suna da nasu ilmin. Randa a inuwa ake girke ta a kan yashi mai laima, ruwan da ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa yana sanyaya na ciki. Toka ita ce abin goge tukunya, ita ce kuma ake cuɗa irin shuka da ita don ƙwari. Ƙwaryar da ta tsage ba a yar da ita, gyartai ake jira ya ɗinke. Kafin gari ya waye an fara niƙa a kan dutse, da hantsi a yi surfe da daka, da rana in an sami sarari a ɗauki mazari a yi kaɗi.

Hanyar arewa

In aka tattara sunayen abubuwan nan, za a ga waɗanda suka fi kusa da wuta da abinci tsohuwar Hausa ce: gida, ɗaki, murhu, turmi, taɓarya, ƙwarya, tuwo, miya, girki. A kan wannan tushe ne rukunin aro na farko ya sauka, wanda ya zo ta Sahara da Barno. J. H. Greenberg ya nuna a 1947 cewa kalmomin Larabci a Hausa ba lokaci ɗaya suka shigo ba, wasu ta bakin fatake suka zo, wasu ta littattafan malamai. A 1960 kuma ya kawo hujja cewa kalmomi irin su birni da kasuwa da karatu da rubutu ta hannun Barebari suka iso.

Cikin gida, wannan rukuni ya haɗa da fitila, wadda asalinta a Larabci lagwani take nufi, da sabulu, da tasa, da katifa, da sukari, da shayi. Waɗansu sun shigo tare da harafin nan al na Larabci a manne, kamar allura, da almakashi, da albasa, da alkama. Cokali kuwa daga Azbinanci yake, kamar takarda da takobi. Duk waɗannan kaya ne, ana iya shigo da su ɗaki a fita da su ba tare da an taɓa bango ba.

Amma akwai uku da suka bambanta: tubali, da taga, da shigifa. Masana harshe suna mai da tubali ga kalmar Larabci ta bulon ƙasa, taga ga kalmar ƙaramar kafa a bango, shigifa kuma ga saƙifa, watau rumfa ko rufaffen mashigi. Waɗannan sunayen gini ne, na ƙarshen ma sunan ɗakin da ya raba maza da mata ne. Wannan shi ne karo na farko da aro ya kai ga tsarin gida, ya kuwa dace da abin da aka sani na tarihi: ginin soro da kiyaye suturar iyali sun ƙarfafa a birane tare da Musulunci da cinikin Sahara.

Zuwan Turawa da hanyar kudu

Turawan Ingila sun kafa ikonsu a Zariya a 1902, aka fitar da Sarki Kwasau, Aliyu ɗan Sidi ya hau a 1903. Abu biyu na wannan zamani suka fi taɓa cikin gida.

Na farko shi ne mutuwar bauta. Dokar 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yantar da duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, sa'an nan dokar 1936 ta ƙarasa abin da ya rage. Zazzau kuwa ƙasa ce da aka sani da rinji, watau ƙauyukan bayi masu noma wa iyayengijinsu na birni. Baba, tsohuwar nan ta Karo wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda bayin gidansu suka watse bayan zuwan Turawa. Aikin da kuyangi suke yi a manyan gidaje, niƙa da daka da ɗiban ruwa, ya koma kan matan gida da yara. M. G. Smith ya kawo wani bayani mai muhimmanci a kan wannan: tun da yake fita gona da ɗauko itace alamar bauta ce ga mace, matan da suka sami 'yanci sai suka janye daga gare su, kulle ya yaɗu har ga gidajen da a da ba su yi. Ya rarrabe aure iri uku bisa ga yawan fitar mace, auren kulle, da auren tsare, da wanda mutane ke kira auren jahilai. Ashe ke nan zamanin Turawa bai raunana shigifa ba, ƙara mata aiki ya yi.

Kulle bai hana mata neman kuɗi ba. Daga cikin ɗaki suke yin fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yara suna kai talla, su sayo cefane, su kai saƙo gida gida. Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki a 1969, Emmy Simmons kuma ta bincika shi a ƙauyukan kewayen Zariya a shekarun 1970. Da zaren masaƙa ya kashe kasuwar kaɗi, musamman bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957, matan birni suka ƙara ba da ƙarfi ga sana'ar abinci da ɗinkin hula, daga baya har da aikin babbar riga na hannu, kamar yadda Elisha Renne ta rubuta.

Na biyu shi ne jirgin ƙasa. Hanyar Baro zuwa Kano ta ratsa Zariya a 1911, aka haɗa ta da ta Ikko a 1912. Sabon Gari da Tudun Wada suka tashi a bayan ganuwa, kantuna suka buɗe. Lalle hanyar kudu ta girmi jirgi, fataken Zazzau sun daɗe suna zuwa Nufe da Ilori, amma jirgi ya mai da abin da jaki ke kawowa kaɗan kaɗan ya zama na kowa.

A nan ilmin sauti yana da abin faɗa. Harafin p na Yarabanci da leɓɓa da ƙurya ake furta shi gaba ɗaya, Hausa kuwa ba ta da wannan sauti, sai ta mai da shi kw. Ta haka àpótí ta zama akwati, páálí ta zama kwali, páànù ta zama kwano. Ita páànù daga kalmar Ingilishi pan take. Amma kalmomin da Hausa ta karɓa kai tsaye daga Ingilishi, p ɗinsu f yake komawa, kamar famfo, da fenti, da faranti, da falo. Da a ce Bahaushe daga bakin Bature ya ji sunan kwano, da da f zai fara. Sautin kw shaida ne cewa ta hannun ɗan kasuwar Yarabawa kwano ya iso, na cin tuwo da na rufin ɗaki duka. Ashana, da agogo, da keke, da asusu, da agushi, su ma wannan hanya suka biyo.

Kwano, famfo da lantarki

Daga shekarun 1930 zuwa gaba rukunin Ingilishi ya rinjaya. An kafa gidan ruwa na farko a Zariya a 1939, aka ƙara wani a kan kogin Galma a 1975, famfo da bokiti suka zauna a bakin mutane, ko da yake rijiya da 'yan ga-ruwa ba su taɓa rasa aiki a birni ba. En'e ta sa duba-gari suna shiga gidaje suna leƙa randa da makewayi. Kananzir ya kori man gyaɗa da man kaɗanya daga fitila. Injin niƙa ya yaɗu sannu a hankali bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗauke wa mata aikin asuba mafi wuya, ya kuma kawar da waƙoƙin da ake yi a kan dutse. Fanka ma tana da tarihi, sunanta daga Indiya Turawan mulki suka ɗauko shi. Risho kuwa daga Faransanci yake.

Ba kullum Hausa take aro ba, sau da yawa ƙira take yi: fitilar ƙwai, a-ci-bal-bal, kwaɗo na kulle ƙofa, duba-gari, ga-ruwa. Wani lokaci kuma kalma biyu sukan zauna tare, kowace da hanyarta, kamar sukari da suga, ko keke da basukur.

Inda aka fi ganin sakewar kaya shi ne jeren ɗakin amarya. A da ƙore ne masu zane, da tasoshi ga masu hali. Sai kwanukan fenti suka shigo daga Turai da Gabas Mai Nisa, har aka kafa masana'antarsu a Ikko a 1960. Bayansu tangaran, da kuloli, da roba, aka tashi daga jere a bango aka koma kabad. Gadon ƙasa da na kara suka ba gadon ƙarfe mai rumfa wuri, shi kuma ya ba na katako. Amma ma'anar jere ba ta sake ba. Kayan ɗaki mallakar mace ne, miji ba shi da iko da su, su ne taskarta ran bukata, su ne kuma tushen kayan 'yarta. Barbara Cooper ta tarar da haka a Maraɗi a littafinta na 1997. Ƙwarya ta tafi, amfaninta ya zauna.

Maza su ma sun yi nasu jere, amma a fuskar zaure. A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta a 1963 game da gidajen Zariya masu zane, inda magina suka haɗa dagi da takobi da siffar keke da agogo da jirgin sama. Sabon abu ya hau bango, bangon kuwa na zaure ne.

Kuɗin man fetur suka gaggauta abin. An sake kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya a 1974 da 1975, bulo da siminti da kwanon rufi suka zama burin kowa. Dalilin maigida a bayyane yake, kwano ba ya bukatar yaɓe kowace shekara. Sai dai kowane sauƙi ya zo da nasa ɗawainiya. Kaurin bangon ƙasa yana tare zafin rana, ya sake shi da dare. Kwano kuwa yana zuba zafi cikin ɗaki, sai an nemi silin, silin ya nemi fanka, fanka ta nemi lantarki, lantarki in ya ƙi a nemi janareto. Da kananzir ya yi wuya a shekarun 1990, mata suka koma ga murhun gawayi da na ɗusar katako, wanda aka laƙaba wa sunan Abaca.

Mafi hatsari shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa. Ba sa kama juna sosai, siminti yakan tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar bushewa, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana da kyau. Makuba da laso sun yi ƙaranci, gama marina sun ragu, masu sanin haɗin sun tsufa. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda suke shanye ruwan unguwa da damina, da yawa an cike su an yi gini a kai, leda kuma ta toshe magudanai. Ko babban masallacin Babban Gwani, wanda aka kewaye da sabon gini a shekarun 1970, wani sashe nasa ya rufta a kan masallata a watan Agusta na 2023, aka yi asarar rayuka.

Zaure da falo

Duk abin da aka lissafa zuwa nan, in ban da kalmomin nan uku na Larabci, sunayen kaya ne. Amma wanda ya saurari yadda ake bayyana sabon gida yau, zai ji wani abu dabam: get, falo, kicin, sito, ciki da falo. Waɗannan sunayen sassan gida ne. Karo na biyu ke nan da aro ya kai ga tsari.

Dalilansa ba daga sha'awar zamani kaɗai suke ba. Gandu ya raunana tun da albashi da kasuwanci suka ba saurayi abin kansa. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da sauran makarantu da ma'aikatu, sun jawo jama'a, filin cikin ganuwa ya cika. Da an gina ɗaki da bulo, ba ya zubewa ya koma ƙasa in mai shi ya mutu, dukiya ya zama wadda za a ƙiyasta a raba. In an raba gado, kowane magaji yakan so ya ja katanga ya huda ƙofarsa zuwa hanya, zauren da ya haɗa su kuwa ko a raba shi, ko a sa masa ƙofar ƙarfe a ba da shi haya ya zama shago. Shirin ilmin firamare na kowa da kowa na 1976 kuma ya fara raba lokacin yara tsakanin aji da talla, alhali su ne ƙafafun matan kulle.

In aka duba sabon gida da kyau, za a ga aikin shigifa bai mutu ba. Katanga ta ƙara tsawo, falon maigida yana da ƙofarsa ta waje, na mata yana ciki, baƙo namiji har yanzu yana da iyakar da ba ya wucewa. Abin da ya rasa magaji shi ne aikin zaure. Zaure ɗaki ne na gida wanda ƙofarsa take buɗe ga unguwa tun daga asuba har bayan lisha. Matafiyi yakan kwana a ciki, almajiri ya tsaya a bakinsa, a ɗaura aure, a raɗa suna, a yi zaman makoki, a sasanta maƙwabta, a karanta littattafan fiƙihu, har ana ce wa wannan karatu makarantar zaure. Get kuwa a rufe yake, sai an ƙwanƙwasa, falo kuma sai wanda aka gayyata. Shi ya sa yau in hidima ta tashi ake tare hanya a kafa rumfunan haya, abin da ɗaki ɗaya yake ɗauka a da.

Duk da haka cikin tsofaffin unguwanni, musamman gidajen malamai da na sarauta, akwai zauruka da yawa da ke aikinsu, wasu an sake su da bulo amma an bar su a inda suke. Wannan ya nuna cewa zaure ba ya dogara ga tubali. Maigidan da ke zana sabon gida yana iya ware masa wuri, in ya san abin da yake yi wa unguwa.

A nan ne malaman kwalejojin horon malamai suke da aiki. Ɗalibi ɗaya zai iya zana taswirar gidan kakansa, ya rubuta sunan kowane ɗaki da na kowane kaya, ya tambayi tsofaffin mata da magina yaushe abu ya shigo, me ake amfani da shi kafinsa, me ake kiransa. In aji guda ya yi haka a unguwa guda, za a sami abin da babu shi a jerin sunayen sarakuna. Kalmomi irin su laso, da makuba, da ɗaurin guga, da gyartai, da mazari, har yanzu akwai waɗanda suka yi aiki da su da hannunsu a Birnin Zariya, kuma yawancinsu sun manyanta.